Babbar Na'urar da Muka Ɗauko daga Kano

Tun da na komo daga Kano ban samu sakat ba. Duk wadda muka haɗu da ita cikin ƙawayena na lakwal, wato makarantar boko, a gidan suna ne ko a bakin kasuwa, tambayarta ɗaya: "Zali, yaya Kano? Wai mi ya sami na'urar da kunka ɗauko?" Nakan ce lafiya lau, in kawar da zance. To, na gaji da kawarwa. Shi ya sa na zauna in rubuta muku sau ɗaya, daga fita har komowa, ku karanta ku huta, ni ma in huta.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ina da ɗan shago a Filinge, bayan tasha, inda nake buga wa mutane takardu ina kuma koyar da kwamfuta. Na iya gina shafin intanet. Shafi kuwa sai da na'urar da zai zauna a cikinta, wadda ba a kashewa dare da rana. Na'ura ɗaya tana ɗaukar shafukan mutane da yawa, kamar gidan haya, kowa da ɗakinsa, kowa ya biya abin da ya sawwaƙa. Haya a ƙasar waje tana son katin banki da kuɗin waje duk wata, abin da yawancinmu ba mu da shi. Sai na ce me zai hana mu yi namu gidan a nan? Ƙungiyar mata masu saƙar tabarma da busar da zogale suka yarda, wata makaranta mai zaman kanta ta yarda, haka wani mai sayar da iri a Bonkuku, da ƙungiyar 'yan yankinmu na Kurfai mazauna waje. Kowa ya ba da ɗan abin kamu, na haɗa da abin da na tara.

Abin da nake so na san shi tun kafin in ɗaga ƙafa. Shafukan nan ƙanana ne, hotuna ne da rubutu. Ƙaramar na'ura ta hannu nake nema, wadda ba ta shan kuran, wato lantarki, da yawa, mai isasshiyar memwar, wato memori, da faifan ajiya biyu na zamani marasa juyawa, ta yadda duk abin da ya shiga ɗaya zai shiga ɗayan, in guda ya mutu guda ya riƙe. Mafi yawan kuɗin kuma in zuba su a batir da allunan sola, don kun san kuran ɗin Filinge, ba ya sallama in zai tafi. A Yamai na duba, farashin ya kore ni. Kowa ya ce Kano.

Inna ta ce yadda hanya ta zama a zamanin nan ba zan bi ta ni kaɗai ba. Sai ƙanenta, Kawu Isaka, ya ce shi zai raka ni. Kawu dillalin shanu ne a kasuwar Baleyara, ya san Kano tun ana goyona. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kai ni lakwal ranar farko a bayan kekensa, kuma ko a cikin kuɗin na'urar akwai hannunsa. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma taɓa jin bukatar hakan ba.

Ranar Lahadi muka tashi, ranar kasuwar Baleyara, kuma ban yi tunanin abin da hakan ke nufi ba sai da mota ta tsaya can don sauke kaya. Kawu ya ce bari ya gaida mutane. Direba ya gama saukewa, ya danna oda, ya sake dannawa, babu Kawu. Na sauka na kutsa cikin kara, na same shi hannunsa cikin bakin wata saniya yana duba haƙora, wani makiyayi daga Tondikandiya yana riƙe da gefen rigarsa.

Na ce, "Kawu, mota za ta tashi."

Ya ce, "Ta tashi ta tahi ina? Direban nan ɗan abokina ne, ba shi barinmu."

Da muka komo bakin hanya, ɗan abokin nasa ya yi gaba, da jakata a cikin motar. A bayan wata buɗaɗɗiyar mota muka bi shi, tsakanin awaki, wani bunsuru yana ta tauna bakin mayafina. Allah ya taimake mu layi ya yi tsawo a shingen jandarma, a nan muka cim masa. Kawu ya hau ya zauna. Sai da muka yi nisa ya ce da ni a hankali, "Ubansa ma haka yake, ba shi da haƙuri."

Daga Yamai muka shiga babbar kar, wato bas, zuwa Maraɗi, tafiyar wuni sur. Kusa da ni wata Bazabarma ce mai fataucin atamfa, mace mai ƙiba da dariya. Tun daga Doso ta buɗe kwano ta ce in sa hannu, kopto ne na zogale da ƙuli, irin wanda Inna ke yi. Da ta ji abin da zan sayo, sai ta ce ba ta san kansa ba, amma ta san Kano: kada in nuna ina son abu, kada in sayi kome ranar farko, kuma kada in bar namiji ya yi mini ciniki, don su maza kunyar mai shago suke ji. Na yi dariya na nuna mata Kawu da ke gyangyaɗi a kujerar gaba, na ce wannan ciniki ne sana'arsa. Ta ce to ai shi ke nan, na huta.

A Maraɗi muka kwana gidan wani abokin Kawu, da safe muka canza kuɗi. Sefar da na ƙulle a ɗan ƙaramin ƙyalle ta koma naira dami-dami. Kawu ya cusa su a aljihunan 'yar cikinsa, ya ɗora babbar riga, sai ga shi ya yi tumbi kamar wani attajiri. Haka muka isa iyaka. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren wani ma'aikaci ya karɓi katina ya yi mini tambaya da Ingilishi, ni kuma bakina ya suɓuce na amsa da Faransanci. Muka tsaya muna kallon juna. Kawu ya leƙo ta bayana ya ce, "Ku biyun nan duk Hausa kunka sha a nono, mi ya kai ku ga wahala?" Ma'aikacin ya fashe da dariya, ya tambaye ni da Hausa inda za ni, ya miƙo mini katina.

Kano ba zan iya kwatanta muku ita ba. Abin da na fi riƙewa shi ne ƙara: odar a-daidaita-sahu, waɗannan kekuna masu ƙafa uku da suka cika gari, da kukan janareta a ƙofar kowane shago. Kawu kuwa gaisuwa ce ta dame shi. Shi ya saba in ya ce ina kwana, ya bi da ina gida, ina gajiya, ina bisashe, ina damana. A can yana cikin ina gida mutum ya riga ya tsallaka titi.

Mun sauka gidan mai masaukinsa na shekara da shekaru, wani Alhaji mai harkar shanu. Ni aka kai ni wajen matarsa, Hajiya Turai, dattijuwa mai sayar da kayan ɗaki daga cikin gida, waya biyu a hannu, bakinta ba ya hutawa. Da yamma fanka ta tsaya, na ce, "Hajiya, kuran ya tahi?" Ta dube ni ta ce, "Wace kura kuma, a tsakiyar Kano?" Da na yi bayani ta yi dariya har da hawaye, ta ce su wuta suke cewa. Ba a jima ba na ji unguwa ta ɗauki ihu, "An kawo wuta!" Na miƙe zumbur ina neman takalmi, na ɗauka gobara ce. Har na baro gidan, in ta gan ni sai ta ce, "'Yar Nijar, yaya kura?"

Abincinsu akwai daɗi, sai dai manja da yaji sun yi mini yawa. Gurasa da na sha jin labari na ci, na yaba. Fura ce ta ɓata wa Kawu rai. Ya aika a sayo masa, aka kawo ta a roba, an markaɗa ta a inji da madarar kanti da sukari, sanyi kamar ƙanƙara. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya ce wannan ba hura ba ce, alewa ce, gero bai san an yi ta ba. Shayi ma a babban kofi suke ba ka shi da madara, a shanye a tashi, ba irin namu da ake zama a kansa ba.

Hajiya Turai ce ta haɗa ni da wani ɗan ɗan'uwanta, Malam Nazifi, mai shagon kwamfutoci na hannu a wata babbar kasuwa mai benaye. Mutum ne natsattse, mai gemu da tabarau. Na ce masa sarber nake nema, na'urar da shafuka ke zama a ciki, ya ce su saba suke ce mata. Na zayyana masa aikin da za ta yi da irin garin da za ta zauna. Ya saurara, ya shiga ciki ya fito da wata ƙaramar na'ura, ba ta fi akwatin ɗan kunne na amarya girma ba. Muka kunna ta, na duba cikinta, na sa kunne ban ji motsinta ba. Ita ce. Amma na tuna maganar Bazabarmar nan, na murtuke fuska na ce sai gobe. Kawu yana zaune a benci yana kallo. A hanya ya ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar munka baro Hilinge dominta?" Na yi dariya na ce ƙarama ce amma tana da aiki. Ban ƙara masa wani bayani ba.

Washegari muka koma. Malam Nazifi ba shi da irin faifan da nake so, ya kwatanta mini wani shago a bene na sama. Na bar Kawu a bencin na hau. Na daɗe can, don mai shagon ya yi ta fito mini da waɗanda aka gaji da su, ni kuma ina gwadawa ina mayarwa. Da na sauko, sai na tarar da mutane sun taru a ƙofar shagon Malam Nazifi. A kan tebur ga wata na'ura shimfiɗe, doguwa kamar ƙyauren ɗaki, ƙarfe zalla, gabanta jere da ƙofofin faifai. Kawu yana tsaye a kanta, ya tura hula ƙeya, yana bubbuga ta da tafin hannu yadda yake bubbuga gadon bayan sa.

Ashe da na tafi ya hango ta a jingine ya tambaya. Malam Nazifi ya gaya masa gaskiya: daga wani babban kamfani ta fito, ƙwaƙwalwa biyu gare ta, tana iya ɗaukar shafukan gari guda. Kawu ya gwada ɗaga ta ya ji nauyi, shi ke nan ta shiga ransa. Ya fara ciniki irin na kara, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, ya sa maƙwabta baki, har ya sauko da farashin ƙasa da yadda mai shagon ya taɓa tsammani. Duk da haka kuɗin ya kusan cinye abin da muka zo da shi gaba ɗaya.

Yana ganina fuskarsa ta washe. "Zali, taho ki gani! Ga abin da ya dace da ke. In mutanen Kurfai za su ba ki amanar kayansu, su ga abin da za su dogara gare shi. Na kashe magana, hannu kawai ya rage mu ba juna."

Ba zan ɗora wa Malam Nazifi laifi ba. Ya ce, "Baba, na gaya maka tana son sanyin esi, tana son wuta tsayayya. Faifan cikinta ma tsofaffi ne, masu juyawa."

Kawu ya ce, "Muna da kuran, muna da kome. Hilinge ba ƙauye ba ce."

Sai mai shagon ya juyo gare ni, ya cire tabarau. "Hajiya, ke ce mai aikin. Jiya wata kika gani. Wannan ta yi miki?"

Mutane kusan goma suna kallona. Kawu ma yana kallona, yana murmushi, hannunsa a miƙe. Na san abin da ake ce wa dillalin da ya kashe magana a gaban shaidu sannan ɗiyarsa ta zo ta warware. Na san kuma, sarai na sani, cewa wannan na'ura ba za ta rayu a shagona ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yadda Kawu ya ce."

Suka tafa. Aka ce Allah ya sa albarka. Kawu ya shiga zaro naira daga 'yar cikinsa, tumbin ya sace.

Da la'asar Hajiya Turai ta same ni zaune a bakin gado. Ta ce, "Ke kuwa kamar wadda aka aiko wa da rasuwa?" Na gaya mata duka. Ta ajiye wayoyinta ta ce, "Au! Shi ne kika yi shiru? Tashi mu je zaure yanzu. Nazifi ɗana ne, in na ce ya karɓi kayansa zai karɓa. Mu nan 'ya takan ce wa ubanta, Baba, wannan ba ta yi ba, kuma ba a mutu ba." Har ta ɗauki mayafi. Na riƙe mata hannu na roƙe ta don Allah ta bari. Daga zaure ina jiyo muryar Kawu yana ba Alhaji labarin cinikin, suna ta dariya. Na ce mata wataƙila zan san dabarar da zan yi in mun koma. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce, "Kunyarku ta mutanen Nijar tana da tsada."

Aka ɗinke na'urar cikin buhu da katifar soso, maza biyu suka ɗora ta a mota. A iyaka, ɓangarenmu, 'yan duwan, wato kwastan, suka ce a kwance. Da suka ga ƙarfe mai ƙofofi da fitilu sai fuskokinsu suka canza. Ban ga laifinsu ba, yadda ƙasa take ciki kowa na tsoron abin da bai sani ba. Babbansu ya ce ko na'urar sadarwa ce? Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, na nuna takardar saye. Ya ce in kunna ta ya gani. Motarmu ta gaji da jira ta sauke mu ta tafi.

Aka shigar da ita ofis, na jona. A kasuwar Kano kukan janareta ya rufe kome, ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Fankokin cikinta suka tashi gaba ɗaya da wani irin ƙugi kamar jirgi zai ɗaga. Wani ma'aikaci ya yi tsalle ya fice, takardun kan tebur suka watse. Kafin allo ya nuna kome, fitilar ofis ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu, fankar sama ta tsaya. Na'urar ta fi ƙarfin wayar ofishin. Can sai Kawu ya ce, da alfahari, "Kun ji ƙarhi ko?" Babban nasu ya yi dariya, ya ce in dai abin ɓoyo ne wannan ba ta iya ɓuya ba. Muka biya abin da doka ta ce, aka sallame mu rana ta yi sanyi. Kowa na dariya ban da ni.

Mun shigo Filinge aka tarbe mu kamar masu dawowa daga hajji. Kwana da kwanaki Kawu yana kawo abokansa shago su ga na'ura, in kunna musu su ji kukanta su riƙe baki. Na ɗora shafukan mutane, suka fito tsaf, da sauri kuwa. Mariyama, shugabar ƙungiyar mata, ta ga hoton tabarminsu a wayarta ta rungume ni.

Daɗin bai daɗe ba. Katin kuran da ke kai ni wata sai ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Ɗan batirin da na iya saye da ragowar kuɗi ba ya riƙe ta ko na tsawon alwala. In kuran ya tafi ta mutu, in ya dawo ta daɗe tana nishi kafin ta farfaɗo. Da bazara ta kama, shagon ya zama tanda, masu koyon kwamfuta suka daina zuwa saboda zafi da ƙara. Na sa fanka biyu a kanta, na jiƙa buhu na rataya a taga. Faifai ɗaya ya mutu, na ce akwai saura. Na biyu ya bi shi.

A makon da ta kwanta gaba ɗaya ne wata mai sayen kaya daga Yamai ta nemi ganin tabarmin ƙungiyar mata. Ta yi niyyar sayen masu yawa don wani baje koli, aka ba ta adireshin shafin, ta buɗa ba kome, ta sake buɗawa washegari ba kome. Ta ɗauka ƙungiyar ta watse, ta saya a wani wuri. Matan nan sun yi watanni suna saƙa saboda irin wannan rana. Mariyama ta zo shago, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Zali, mu ba mu san kan abin ga ba, ke munka sani." Ta ce sun yanke shawara za su koma aika hotuna ta waya. Makarantar ta bi bayansu.

Kawu ya ji ana cewa matsalar kuran ce. Bai tambaye ni ba, ni ma ban je na same shi ba. Wata Litinin da hantsi sai ga amalanken jaki a ƙofar shago, da allunan sola da batura a ɗaure, Kawu yana biye da fara'arsa. Mai amalanken ne ya gaya mini, yana sauke kaya, cewa jiya Kawu ya sayar da jan bijiminsa a Baleyara, wanda ya yi shekaru yana kiwo yana ƙin tayin kowa.

Na dubi allunan. Ko an ninka su ba za su ɗauki wannan na'ura ba. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na durƙusa, na gaya masa. Na ce ba kuran kaɗai ba ne, na'urar ce ba ta dace da mu ba, an yi ta ne don ɗaki mai sanyi a babban birni. Na ce ƙaramar nan ta ranar farko ita ce daidai, kuma da a ce ita muka ɗauko, da waɗannan allunan sun ishe ta har da saura.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaushe kinka san haka?"

Na ce, "Tun a Kano, Kawu."

"Tun kahin mu tahwa hannu?"

Na ce e.

Ya cire hula ya shafa kai. "Mai shagon nan ya tambaye ki. Ina tsaye, da kunnena na ji. Ya ce ke ce mai aiki." Ya ci gaba. "Ni shanu na sani, Zali. Na ga kin yi shiru, na ce ɗiyata ta yarda. Da kin ce mani a'a, kunyar wuni ɗaya ce, a garin da ba kowa ya san ni ba. Don mi na kai ki lakwal, in ba don ki san abin da ban sani ba?"

Ya miƙe, ya ce a shigar da allunan, an riga an saya. Ya tafi bai sha ko ruwa ba.

Ga inda aka kwana, tunda shi kuke tambaya. Babbar na'urar tana nan a kusurwa, na rufe ta da zane, ba wanda zai saye ta a nan, kai ta Yamai kuma wani kuɗin ne. Na ɗauki tsohuwar kwamfutar shagona na ƙara mata memwar, na sa mata faifai biyu, na jona ta da allunan Kawu. Tana aiki shiru, ba ta taɓa mutuwa ba. Shafuka biyu ne a kanta, na mai iri da na 'yan Kurfai mazauna waje. Na je wajen Mariyama sau biyu, ta karɓe ni da mutunci, ta ce a bari tukuna.

Kawu bai yi fushi da ni ba, ko in ce bai nuna ba. Yana zuwa gaida Inna, yana tambayar lafiyata, in ya biyo ta tasha yakan tsaya a ƙofar shago ya ce sannu da aiki. Ciki ne bai ƙara shiga ba. Da layya ta matso na bi shi Baleyara, na ce ya zaɓa mana rago kamar yadda yake yi kowace shekara. Na yi haka ne don in ga ya tura hula ƙeya, ya buɗe bakin dabba, ya yi ta faɗa da masu kaya. Muka shiga cikin tumaki, masu sayarwa suna ta kiran sunansa. Ya tsaya ya harɗe hannu a baya.

Na ce, "Kawu, wanne ka gani?"

Ya ce, "Ke zaɓa, Zali. Ni igiya zan riƙe maki."